Hannun da Mpondo Ya Ɓoye a Baya

Ku matso kusa, abokan gulmata. Wadda ta rubuto jiya tana cewa tsohuwa kamata ba ta jin kunyar baza sirrinta a waya, na gode, na kuma buɗe hotonki na duba, gashin da ke kanki ba naki ba ne. Waɗanda suka shigo yau kuma, sunana Endale, a Deido aka haife ni nan cikin Duwala, na haura sittin, kuma kifi nake gasawa a bakin hanyar da ke gangarawa kogi tun ba a haifi yawancinku ba.

Mijina Dalle ya rasu shekara biyu da suka wuce. Malamin makaranta ne, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa ba ni dariya ba. Na tuɓe shuɗin kayan takaba ko sati ban yi ba, ina tsugune ina kankare kifi, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga lambar da ban sani ba. Na danna da bayan yatsa.

"Endale, ni ne. An ce kin fita takaba. Allah Ya ji ƙan Dalle. Har yanzu kina zuba barkono kamar mai faɗa da mutane?"

Bai faɗi suna ba, kuma ba sai ya faɗa ba. Wuƙar ce ta suɓuce ta faɗa cikin bokiti.

Mpondo ke nan, mai tsaron gidan ƙungiyar Masunta. 'Yan yanzu ba ku san shi ba, amma ku tambayi iyayenku wa ake ce wa Kada. In ya kama ƙwallo sai dai a jira ya gaji ya saki da kansa. Ya fara tsaron raga gemu bai fito masa ba, da hannu zalla, lokacin safar hannu sai a hoton jarida ake ganinta. Bai bari ba sai da furfura ta cika masa kai, har ya yi wasa da 'ya'yan waɗanda suka fara tare. Ya je Gabon ya dawo. An sha kiransa sansanin 'yan wasan ƙasa, ya je ya ɗumama benci ya dawo da riga. Wannan duk daga baya ne. Lokacin da na san shi, dogon yaro ne mai manyan kunnuwa da ke zuwa rumfar innata bayan atisaye, ya sayi kifi ɗaya da miyondo, curin rogon nan da ake naɗewa a ganye, ya zauna yana kallon kifin kamar bai san inda ake farawa ba.

"Ci mana," na ce masa ranar farko.

"Ƙaya."

"Kifi ne, dole da ƙaya. Ko jariri ne kai?"

Sai ya ɗaga mini tafukansa. "Da waɗannan nake ci. In ƙaya ta soke ni a yatsa, ranar Lahadi duk Deido za ta kwana da yunwa."

Na ja faranti na zare masa ƙayar ɗaya bayan ɗaya ina zaginsa. Washegari ya dawo, na sake zarewa. Innata ta ce tunda take ba ta taɓa ganin zagi mai daɗewa a kan faranti ɗaya irin wannan ba.

Sai dai masu tsaron gidan Masunta suna da doka. Daga jajiberin wasa har alƙali ya busa usur na tashi, ba sa ba kowa hannu. Ko uwarsu, ko fasto. An ce wani mai tsaron gidansu na da can ya gaisa da baƙo a ƙofar filin wasa, ya shiga ƙwallo tana zame masa kamar sabulu, aka zura masa biyar. Tun daga nan dattawan ƙungiya suka ɗaure abin. Ranar Asabar za ka ga Mpondo yana tafe a titi hannuwa a baya kamar sufeto, yana gaida mutane da kai. Kowa ya sani, har yara kan bi shi suna miƙa masa hannu don tsokana.

Da aka sa ranar da danginsa za su zo ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu, wato neman aurena, an zaɓi Asabar ɗin da babu wasa washegarinta. Sai ruwan Duwala ya yi halinsa. Sati guda kafin nan filin wasa ya zama tafki, aka ɗage wasan Masunta da 'Yan Tasha, aka kawo shi daidai Lahadin da ke bayan Asabar ɗinmu.

Mahaifina ya rasu ina ƙarama, wansa Baffa Kinge ne uban gida. Kuma Baffa Kinge, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a tashar jiragen ruwa, shi ne shugaban magoya bayan 'Yan Tasha. Tutarsu ma a ɗakinsa take kwana.

"A ɗaga ranar," na ce wa Mpondo.

"Gwaggonnina sun riga sun taso daga ƙauye, an sayi komai. In na ɗaga, baffanki zai ce wasa nake da shi."

"To in ya miƙo hannu fa?"

"Ba zai miƙo ba. Mutumin ƙwallo ne, ya fi ni sanin dokar."

Ya fi shi sani kuwa. Abin da Mpondo bai lissafa ba shi ne, ranar nan ba mutumin ƙwallo zai tarar a kujera ba, uban yarinya zai tarar.

Ina cikin ɗaki ni da 'yan'uwana mata, an lulluɓe mu da zannuwa don a fito da mu ɗaya-ɗaya a ga ko ango zai gane tasa. Kabar da innata ta ɗinka mini, wato doguwar rigar matanmu, ruwan ganye ce mai zanen tsuntsaye, har yau ƙyallenta na ƙasan akwatina. Na ɗaga lulluɓi na leƙa ta gefen labule, don ni ba a yin abu a bayan idona. Falo ya cika. Baffa na zaune da zanensa na sanja da farar riga, gyale a wuya. Dangin Mpondo suka shigo da bammi da kwalabe da buhun gishiri. Aka yi gaisuwar manya. Sai aka ce saurayi ya matso a gan shi.

Baffa ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi wa kowa, ya miƙa hannu yana murmushi.

Mpondo ya mai da hannuwansa baya, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwar Baffa.

"Baba, ka gafarce ni. Gobe akwai wasa."

"Na sani. Da mu za ku yi."

Wani ya yi dariya a baya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye.

"Ɗago ka dube ni, yaro. Me ke hannuna?"

"Babu komai, Baba."

"To kama."

Hannun Baffa na nan a miƙe. Ina jin ruwan indararo yana ɗiga cikin tulu a tsakar gida. Kawun Mpondo ya yi wuf ya taso da nasa hannun, Baffa ko kallonsa bai yi ba.

"Ba kai ka zo neman 'yata ba."

"Jibi, Baba," in ji Mpondo. "Jibi da sassafe zan zo in ba ka duka biyun."

Baffa ya janye hannunsa a hankali, ya juya tafin ya duba, ya goge a jikin zane.

"A cikin gidana, a gaban ƙannena, an ce ni maye ne. Ku kwashe kayanku."

Ku da ba ku san gari irin namu ba za ku ce ai ƙaramin abu ne. A Deido ta wancan lokacin, mutumin da aka ce yana da abu a hannu, ko lemo ya ba yaro sai uwar ta ƙwace ta jefar.

Duk da haka da abin ya gyaru. Innata da matan coci sun shirya za su je su ba Baffa haƙuri ranar Litinin. Wasan ne ya ƙarasa mu. Lahadi na zauna gaban rediyon maƙwabta ban san me zan roƙa ba. Masunta na gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, aka ba 'Yan Tasha fenariti. Na ji mai sharhi yana ihu Kada ya kama, Kada ya kama. Unguwa ta ɗauka. Kafin magariba yara sun yi waƙa, wai Kinge ya shafa asiri a hannu, Kada ya kauce. A ƙofar gidanmu suka zo suka yi ta, da gwangwanaye.

Baffa ya yi wata uku bai je coci ba. Da ya koma, bencin da yake zama sai ya tarar mutane sun matsa sun bar masa fili. Litinin ɗin Mpondo ya zo kamar yadda ya ce, hannuwa biyu a miƙe tun daga bakin titi, aka rufe masa ƙofa. Ya yi ta zuwa har ya gaji. Baffa ya rantse muddin yana numfashi, ba a gidansa ba.

Da zai tafi Gabon ya same ni a rumfa ya ce in bi shi. Innata na kwance ba lafiya a ƙarƙashin rufin Baffa, ina zan je? Na zare masa ƙaya na ƙarshe, na tambaye shi abin da ke cina.

"Da ka kama hannun nan, me zai faru?"

"Watakila ba komai."

"To?"

"Endale, mutum goma ne a gabana, unguwa guda a bayana. In ƙwallo ta shiga, kowa ya san na gaisa, me zan ce musu?"

Na jira shekara uku ko Baffa zai sauko, bai sauko ba, Dalle ya zo da takalminsa mai sheƙi ya ba kowa hannu har da mai gadi, na aure shi. Mpondo ya yi aure a can, matar ta bar shi, ta ce ba za ta iya zama da mutumin da ke kwana da safar hannu a ƙarƙashin matashi ba. Wannan ƙanwarsa ce ta gaya mini a kasuwa, ba ƙirƙira na yi ba. Duk Lahadi Dalle na gyaran takardun ɗalibai, ni ina kicin da rediyo ƙasa-ƙasa. Ya sani. Bai taɓa cewa komai ba, sai dai in batir ya mutu ya sayo sabo ya ajiye a kan tebur.

To mu dawo kan wayar. Na yi kwana biyu ban amsa ba, don kada ya ce jira nake. Sai na aika masa: "Barkonona na nan. Kai fa, har yanzu ba ka iya cin kifi ba?"

Ya amso nan take: "Shekara arba'in nama nake ci."

Ƙarya ce, amma ta yi mini daɗi.

Daga nan kullum sai saƙo. Yanzu shi ke horar da masu tsaron gidan Masunta, waɗanda suka faɗo rukuni na biyu tun tuni suna ta fafutukar komawa. Yakan turo hotonsa a fili da hula da usur, tumbi ya ɗan fito. Ni kuma in tura masa hoton kifi. Wata rana ya zo rumfa da kansa, hannuwa cikin aljihun riga, ya zauna a bencin da ya saba kamar jiya ya tashi. Kafin ya gama cin kifin, labari ya kai kunnen 'yata Sike, wadda ke aiki a asibiti, take kuma ganin ita ta haife ni.

"Mama, me nake ji?"

"Me kika ji?"

"Wai kina zare wa wani tsoho ƙaya a bakin titi, kina dariya har da tafawa."

"Haƙoransa ne ba ƙarfi."

"Kina da jikoki. Me mutane za su ce?"

"Abin da suka saba. Ni ma ina taya su in na wani ne."

Ta zauna a bakin gadona, sai ta ce, "Baba fa?" Nan na daina wasa. Na ce mata ubanta ya samu duk abin da mace ke ba miji, ban rage masa komai ba, kuma ya san da rediyon. Ta share ido ta ce ita dai ba ruwanta, a je a ji ta bakin Kawu Priso.

Yaya Priso ɗan Baffa Kinge ne, shi ne uban gida yanzu. Yana saurayi aka yi waƙar nan, ya sha dambe a kanta, har yau akwai tabo a girarsa. Da Mpondo ya aika yana so ya zo ƙwanƙwasa ƙofa, na ɗauka zai kore su. Sai ya ce su zo, shi zai sa rana. Ya sa Asabar ɗin nan, wato yau. Gobe Lahadi Masunta za su buga wasan da in suka ci za su koma rukuni na ɗaya.

Na kira Mpondo. "Ka ga ranar da ya sa?"

"Na gani."

"Ai kai yanzu ba ka kama ƙwallo. Dokar ba ta hau kanka ba."

"Ni ke ɗaure wa mai tsaron gidanmu safar hannu kafin ya shiga. Hannuna ne na ƙarshe da ke taɓa nasa. Tunda na fara aikin nan ban karya ba."

"To kada ka zo. Ba zan sake leƙe ta labule in ga abu ɗaya sau biyu ba."

Ya kashe wayar.

Yau da hantsi na sa kaba ruwan ganye, ba waccan ba, waccan ko cinyata ɗaya ba za ta shiga ba. Babu lulluɓi, wa zai lulluɓe kaka? Na zauna a falon nan dai, an canja kujeru, an sa fanka, hoton Baffa na rataye a bango da gyalensa. Sike na gefena ta haɗe rai. Maƙwabta kuwa kowacce ta tuna tana da aron da za ta mayar a gidanmu, taga ta cika da kawuna.

Ya zo, shi da ƙanwarsa da wasu tsofaffi biyu da suka yi wasa tare, ɗaya na ɗingishi. Baƙar kwat ya sa cikin zafin nan. Aka gaisa da baki. Yaya Priso bai tashi ba, bai kuma miƙa hannu ba.

Mpondo ya taka har gabansa, ya zaro hannun dama daga aljihu ya miƙa.

Yaya Priso ya miƙe tsaye, ya mai da hannuwansa baya.

"Gobe akwai wasa," ya ce.

Wata a taga ta ce wayyo. Mpondo bai janye ba. Hannun na nan a miƙe, kuma sai a lokacin na gan shi sosai a fili. Ɗan ƙaramin yatsan ya karkace waje, na tsakiya ya kumbura a gaɓa kamar an ɗaura masa goro, babu guda ɗaya da ke miƙe.

"Na yi shekara ashirin da wani abu ina tsaye ina jiran a bugo," in ji shi. "Zan iya jira, Priso."

"Ba ni ka hana ba. Wanda ka hana yana bayan gida."

A bayan gidanmu kabarin Baffa yake, ƙarƙashin mangwaro. Mpondo ya juya ya fita, muka bi shi duka har da na taga. Durƙusawar ma sai da abokinsa ya riƙe shi, gwiwoyin sun ƙare. Ya ɗora tafukansa biyu a kan simintin.

"Baba, na ce jibi. Na makara. Babu komai a hannunka, tun ranar na sani. Tsoron mutane ne ya hana ni."

Yaya Priso ya daɗe yana kallon mangwaro. Sai ya sunkuya ya kama hannun ya ɗaga shi tsaye, bai saki ba.

"Ga shi na kama a gaban kowa," ya ce. "In aka zura wa yaronka gobe, kada in ji waƙa a ƙofar gidana. Maganar aure kuma sai bayan wasa. Ina so in ga da wace fuska za ka dawo."

Aka koma ciki aka ci ndole, miyar shuwakarmu. Sike da kanta ta zuba masa, ba ta dai yi murmushi ba. Da za su tafi na raka shi bakin ƙofa, na ce tunda yau ranar rabon hannu ce, ni ma a ba ni nawa. Ya ba ni. Na sa tafina cikin nasa ina jira ya riƙe, sai na ji yatsun sun tsaya a hanya. Ya yi ƙoƙari, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ba sa rufewa.

"Tun yaushe?"

"An daɗe. Cokali ma da dabara nake riƙewa."

Hannun da aka yi ta ɓoyewa a baya, aka hana ƙaya, aka hana Baffa, aka hana ni, ragowar da ƙwallo ta bari ke nan aka kawo mini. Ni na rufe nawa a kan nasa.

Yanzu la'asar ta yi, na dawo rumfa, gawayi ya kama amma ban ɗora komai ba. Na sayo batir da kaina. Gobe in ƙwallo ta shiga ragar Masunta, kafin magariba Deido za ta ce ashe da gaske akwai abu a hannun gidan Kinge, kuma Yaya Priso ba zai sake buɗe ƙofa ba. In ba ta shiga ba, za a ɗaura mini aure, in kuma tabbatar da abin da na daɗe ina gudun sani: da ya kama hannun nan tun ranar, da babu abin da zai faru.

Rediyon na nan a kan benci, inda Mpondo yake zama.